Zanen Piper Cub ya ƙara girman wutsiya: in bi zanen ko in bi jirgin gaske?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, manya. Shawara nake nema kafin in sa reza a katako. Na samu zanen ƙaramin jirgi samfurin Piper J-3 Cub, irin wanda ake haɗawa da katakon balsa a rufe da takarda, roba ce ke juya farfelarsa. An rage shi sau 12. Faɗin fukafukan jirgin gaske mita 10.74 ne, na raba da 12 ya ba ni santimita 89.5, na ɗora rula a kan zanen kuma haka yake. Da na zo wutsiya sai lissafi ya ƙi. Ɓangarenta na kwance ya fi yadda ya kamata girma, a ƙiyasina da kusan kashi 15 cikin 100. Sannan zanen ya ce a ɗaga bakin kowane fiffike sama sosai, alhali a hotunan jirgin gaske fukafukan kusan a miƙe suke. Mai zanen ne ya kuskure, ko injin buga takarda ne ya ja hoton? Burina jirgin ya fito sak, wanda duk ya san Cub in ya gani ba sai ya tambaya ba.

Baba Mai Farfela:
Wa alaikumus salam, ɗana. Da gangan aka yi, kada ka taɓa wutsiyar nan. Jirgin gaske akwai matuƙi a ciki, in iska ta karkatar da shi ya gyara da hannu da ƙafa. Naka kuwa da zarar ya bar hannunka ba mai gyara shi, shi zai gyara kansa. Babbar wutsiya ce ke hana hanci yin sama da ƙasa, ɗaga fukafukan kuma shi ke miƙar da jirgin in ya kwanta gefe guda. Tun a 1871 Alphonse Pénaud ya nuna haka a Paris da ɗan jirginsa mai roba, ya yi tafiyar kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11 ba kowa a cikinsa. Abin da ya riƙe shi a iska shi ne wutsiyar da kuma bakin fukafukan da aka lanƙwasa sama.

Batun injin buga takarda kuwa ka yi kyau da ka yi zarginsa, amma ba nan za ka kama shi ba. Auna zanen a tsaye, ka auna a kwance, domin yakan ja gefe ɗaya ya bar ɗaya. Sannan ka ɗora fiffiken hagu a kan na dama a jikin gilashin taga ka ga ko layukan sun hau juna. In ba su hau ba, zaɓi ɗaya ka gina duka biyun a kansa, na biyun ta bayan takardar.

Mai Awo:
Baba, a gafarce ni, ban bi ka duka ba. Da Spitfire yaron nan ya ɗauko, mai fiffike a ƙasa da ƙaramar wutsiya, da ban ce uffan ba. Amma Cub ne fa. Fiffikensa a saman gangar jiki yake, irin wannan tsari da kansa yana taimakon jirgi ya tsaya daidai. Masu zane da yawa sun saba ƙara komai don kada sabon hannu ya sha wahala, har su wuce gona da iri. Ka ga Cub an ɗaga masa fukafukai har ya fita daga kamanninsa, to me aka yi ke nan? A gasar da ake yi ƙarƙashin FAI, hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, alƙalai kan ajiye jirgin su gwada shi da zanen jirgin gaske ta gaba, ta gefe, ta sama. Duk abin da ka ƙara a nan yake fitowa. Ƙanena, shawarata ka rage ɗagawar da zanen ya nuna, ka mayar da wutsiya girmanta na gaskiya.

Malamar Kimiyya:
Malam Mai Awo, akwai abin da ba ya raguwa sau 12 in an rage jirgi, wato iskar da zai bi ta cikinta. Bari in kawo lissafin da jirgin nasa.

Faɗin fiffiken Cub daga gaba zuwa baya mita 1.6 ne, nasa zai zama kamar santimita 13.3. Jirgin gaske yakan yi tafiyar kilomita 120 a awa, nasa bai fi mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa ba. Akwai wata lamba mai sunan Osborne Reynolds, wanda ya yi gwajinsa a 1883, da ke haɗa girman abu da gudunsa da kaurin iskar. Ga jirgin gaske ta haura miliyan 3, ga wannan ɗan jirgin kuwa wajen 40,000 ce. A irin wannan ƙaramar lamba iska ba ta son bin bayan fiffike har ƙarshe, da wuri take rabuwa da shi. Wutsiya ta fi fiffike ƙanƙanta, don haka ita abin ya fi shafa. Girman da mai zane ya ƙara mata cike gurbin aikin da ta rasa ne.

Amma abin da na fi so Sabon Hannu ya riƙe shi ne nauyi. Tsawo ya ragu sau 12, shimfiɗar fiffike ta ragu sau 144, cikin jirgin ya ragu sau 1,728. Cub da lodinsa kusan kilo 550 ne, in ka raba ka samu giram 318. Wani zai ce shi ke nan nauyin da ya dace. To jirgi mai giram 318 a wannan fiffiken sai ya yi gudun kusan kilomita 30 a awa kafin ya zauna a iska. In ka ninka sau 12, ido zai ga Cub yana gudun kilomita 360, abin da Cub bai taɓa yi ba. In ka sauko da shi giram 80, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, gudun zai ragu da rabi. Duk wanda ya san Cub ya san shi da tafiya a hankali. Rashin nauyi ma kamanni ne, kuma alƙalan da ka ambata suna ba da maki a kan yadda tashin ya yi kama da na gaske.

Mai Awo:
Malama, na karɓi maganar wutsiya, hujjarki ta fi tawa. Ta fukafukai dai ina nan a kan bakana. Ido ba ya kama ƙarin kashi 15 a wutsiya sai da rula, amma fiffiken da aka ɗaga fiye da kima daga nesa ake hango shi.

Baba Mai Farfela:
To mu raba gardamar. Ɗana, tunda jirginka na farko ne daga zane, bar wutsiya yadda take, ka rage ɗagawar fiffike kaɗan, kada ka kai ta rabi. Sannan ka sa ɗan murɗi a ƙarshen kowane fiffike, gefen baya ya ɗago kamar milimita 3, iri ɗaya hagu da dama. Wannan yana sa tsakiyar fiffike ta riga baki gajiya in gudu ya ragu, sai jirgin ya sauke hanci a miƙe maimakon ya kife gefe. Mai Awo ba zai ma gan shi ba.

Kafinta:
Ni ban san lissafin iska ba, katako na sani. Ɗan'uwa, nauyin da Malama ke magana a wurin zaɓen katako ake cinsa ko a faɗi, tun kafin a zo fenti. Balsa itace ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, mafi yawan wanda ke kasuwannin duniya daga Ekwado yake fitowa. Saurin girmansa ya sa cikinsa duk ramukan iska ne bayan an busar da shi. Matsalar ita ce ba ya zuwa iri ɗaya. Falle biyu masu girma ɗaya, milimita 1.6 kauri, santimita 7.6 faɗi, 91 tsawo, ɗaya zai iya yin giram 11, ɗayan ya yi 22. Ido ba zai gaya maka ba. Nemi ƙaramin sikeli mai auna ɗigon giram, ka auna kowane falle ka rubuta nauyinsa a jikinsa da fensir.

Mai ƙarfi da nauyi ya tafi sandar fiffike, da gefen gaba na fiffike, da dogayen sanduna huɗu na gangar jiki, da hanci. Mafi sauƙi duka ya tafi wutsiya. Dogayen sandunan kuma a falle ɗaya za ka yanko su, jere da juna. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa tauri, lokacin da ka haɗe bayan jirgin mai taurin zai ja mai laushin, gangar jiki ta karkace.

Sai yadda aka tsaga katakon daga gungume. Akwai wanda jijiyarsa dogaye ne a miƙe, ana ce masa A, yana lanƙwasuwa ta faɗinsa ba gardama, shi ake rufe saman hanci da shi. Akwai mai ɗige-ɗige yana ɗan sheƙi, shi ne C, ba ya lanƙwasuwa, in ka matsa masa sai ya tsage. Shi ne na haƙarƙarin fiffike da gefen baya, don ba ya kandarewa. Kada a raina katakon nan saboda laushinsa. De Havilland Mosquito da ya fara tashi a 1940 gangar jikinsa balsa ce a tsakanin falle biyu na filawud, kuma yana cikin jiragen da suka fi gudu a zamaninsa.

Ɗan Rimot:
Manya, ni fa ina ganin ana tsawaita hanya. Sufa gulu, daƙiƙa biyar ya kama. A rufe da ledar da ake ja da zafin ayan, a sa ƙaramar mota da batir da rimot, sai a mayar da wutsiya da fukafukai yadda Yaya Mai Awo yake so tunda akwai mai tuƙi a ƙasa. Me ya rage?

Baba Mai Farfela:
Rimot hanya ce mai kyau, ɗana, ba na kushe ta, kuma gaskiyarka ce tana rage buƙatar ƙarin wutsiya. Amma wani jirgin ne daban, da wani zanen. Wannan an zana shi ne da sanduna 'yan milimita biyu, ledar ayan in ta ja za ta murɗe su, ga ta da nauyi, ga ƙyallin da bai dace da jirgin yadi ba.

Sufa gulu kuwa yana da wurinsa, ina gyaran gaggawa da shi a fili. A wajen gini ban so shi. Yana shiga cikin balsa ya sandare, ya fi katakon tauri nesa ba kusa ba. In ka zo goge haɗin da sanfefa, katakon gefe zai cinye, gam ɗin ya tsaya tudu, kuma duk tudun nan takarda za ta nuna shi. Tururinsa ma yana damun ido da hanci. Farin gam na kafintoci ya fi, a ɗiga da tsinke. Bakin sanda inda aka yanke yana shan gam, don haka a shafa masa ya sha ya ɗan bushe, a sake shafawa sannan a haɗa. In haɗin bai zauna ba sai da gam ya cike giɓi, a sake yanko wata sandar.

Kafinta:
Ƙari kan na Baba. Allon da za ka gina a kai ya zama shimfiɗaɗɗe sosai, ka gwada shi da rular ƙarfe ta kowace fuska. Rufe zanen da siririyar leda don kada gam ya kama takarda. Kada ka soka fil a cikin siririyar sanda, tsaga ta zai yi, kafa biyu a gefe da gefe su gicciye a kanta. Ɓarin gangar jiki na biyu a kan na farko za ka gina shi, da leda a tsakani, su fito tagwaye. Reza sabuwa kullum, in ta dakushe murƙushe balsa take yi. Sanfefa kuma a liƙa ta a jikin katako miƙaƙƙe, in ka riƙe ta da yatsu za ka yi kwari tsakanin haƙarƙari. Ka rufe hanci, ƙurar balsa tana da laushi ƙwarai.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da labari. Ƙashin jirgin ya haɗu, na goge da sanfefa mai lamba 240 na bi da 400. Bakin fukafukai da zagayen wutsiya na yi su da siraran yanka uku da na jiƙa na naɗa a jikin kwali, sun fito da ƙarfi fiye da zatona. Duka da ƙafafun waya da tayoyi giram 36, ban da farfela da roba. Yanzu rufi ya rage, kuma nan ne gabana ke faɗuwa. Ina da takardar tishu ta Japan, fara da rawaya, da ruwan dof, wanda ake shafa wa takarda don ta ja ta yi ƙarfi. Ta ina zan fara? Kuma rawayar Cub ɗin nan, fenti zan yi ko takardar ta isa?

Baba Mai Farfela:
Giram 36 ba laifi, ka yi aiki. Kafin komai shafa bayan yatsanka a kan kowane haɗi, abin da yatsa ya ji takarda za ta nuna.

Takardar tana da jijiya ita ma. Yaga ɗan gefe, inda ta yage a miƙe nan jijiyar ta bi. A fiffike jijiyar ta bi tsawonsa, daga gindi zuwa baki, don kada ta lotsa da yawa tsakanin haƙarƙari. Gefe-gefe kawai ake liƙawa, da dof da aka sirka ko gam ɗin sanda na ofis. Fara da ƙasan fiffike, sannan sama. Kada ka ja ta da ƙarfi, cire tattara kawai, ruwa ne zai yi sauran aikin. Gangar jiki falle huɗu, kowace fuska da nata. Bakin fiffike mai lanƙwasa ka yi masa ɗan ƙyalle daban.

Sai feshin ruwa. Kada ka fesa kai tsaye, fesa sama ka wuce da fiffiken ta cikin raɓar. Za ka ga takardar ta saki ta yi laƙwas, kada ka tsorata. Nan take ka mayar da shi kan allo, a kan 'yan guntayen balsa don iska ta shiga ƙasa, ka danne shi da fil, da ɗan tokarin milimita 3 ɗin nan a bayan baki. Bar shi ya kwana. Yadda ya bushe haka zai zauna.

Wutsiya ita ce mai haɗari, don ƙashinta siriri ne. Ni nakan liƙa takardar a wani firam na katako, in jiƙa ta ta ja abinta ta gama, sannan in yanko in rufe wutsiyar da ita, ba na ƙara mata ruwa. Ba fatar ganga ake nema ba, takarda ta kwanta lafiya ba tattara ya wadatar.

Dof kuma a sirka shi rabi da rabi da tina, shafa biyu a fiffike da gangar jiki, ɗaya a wutsiya. Iri biyu ne, naitiret da butiret. Butiret yana hawa kan naitiret, amma naitiret ba ya zama a kan butiret. A yi shi inda iska ke wucewa, nesa da wuta, domin yana kamawa nan da nan.

Mai Awo:
A batun launi ne zan sake tsayawa. Takarda rawaya in ta sha dof haske na ratsa ta, ka ɗaga jirgin sama ka ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Cub na gaske ba haka yake ba. Yadinsa ana shafa masa dof mai garin alminiyom don kare shi daga rana kafin a sa rawaya, haske ba ya wucewa. Tudun haƙarƙari kake gani, ba inuwarsu ba. Ni a wurina jirgin da ake hango cikinsa bai gamu ba.

Mai Fenti:
Yaya Mai Awo, abin da ka faɗa game da jirgin gaske haka yake. Amma ka fi ni sanin halin rawaya. A duk launuka ita ce mafi rashin rufi, sai an yi mata farin ƙasa, sannan a yi ta shafawa kafin ta fito. A jirgin da ƙashinsa giram 36 ne, fentin buroshi zai iya cin wani kaso babba na nauyin duka. Kuma ina fentin yake zama? Yawancin fatar jirgin bayan fiffike take.

Akwai hanyar tsakiya. Kafin ka rufe, shimfiɗa takardar rawaya ka goga mata garin allin zane, fari ko rawaya, ta baya, ka shafe da auduga har ya shiga. Yana toshe hasken sosai, nauyinsa kuwa da ƙyar sikeli zai gani. In kana da ƙaramar bindigar feshi, bayan dof sai ka bi da hazo ɗaya siriri na rawaya, ka tsaya tun kana ganin bai isa ba. Baƙin layin nan mai siffar walƙiya da ke gefen Cub, da lambobin jiki, a yanko su daga baƙar takarda a kwantar da tina, sun fi na buroshi kaifin baki.

Malamar Kimiyya:
Maganar Mai Fenti ta bayan fiffike ita ce cibiyar abin. Hancin Cub gajere ne, wutsiya na da nisa. Giram 1 da ya ƙaru a wutsiya sai an sa 3 ko 4 a hanci kafin jirgin ya daidaita. Fentin giram 3 a baya zai iya zama giram 12 ko fiye a kan sikeli. Kuma duk abin da ya ƙaru yana ƙara gudu, gudun kuma yana ƙara ƙarfin karo. Jirgin da ya ninka nauyi sau 4 yana gudu ninki 2, ya bugi ƙasa da ƙarfi ninki 16. Shi ya sa marar nauyi yakan faɗi a ɗauka a sake jefawa, mai nauyi kuma a kwashe shi guntu-guntu.

Mai Awo:
Allin ban taɓa gwadawa ba, zan gwada a kan guntun firam in gani da idona. In ya toshe haske yadda ka ce, na sauka. Amma ƙanena, nauyin da ka tsira da shi ka kashe kaɗan a inda ido ke zuwa, kuma yawancinsu a gaba suke, inda kake buƙatar nauyi dama. Kawunan silinda huɗu na injin Continental a waje suke, biyu kowane gefe, ba Cub in babu su. Sandunan da suka tokare fiffike. Murfin tankin mai a gaban gilashi, da 'yar wayar da ke leƙowa daga cikinsa tana nuna yawan mai. Ƙofa a dama take, rabi yana buɗewa sama rabi ƙasa, siririn alƙalami ya isa ya fitar da ita. Hoton ɗan beyar da ke jikin wutsiya. Gilashin kuma kada sufa gulu ya kusance shi, fari zai yi.

Sabon Hannu:
Na bi ta hanyar alli da hazon feshi, kuma Yaya Mai Awo, hasken ya toshe fiye da rabi, inuwar haƙarƙari sai an sa shi saitin rana. Matsala biyu. Shafar dof ta biyu a gangar jiki ta bushe da wani fari-fari kamar hazo. Sannan in na hango fiffiken dama ta baya, murɗinsa ya fi na hagu.

Mai Fenti:
Farin nan laima ce. Tina tana tashi da sauri, ta sanyaya fatar, danshin iska ya zauna a cikin dof ɗin tun bai bushe ba. Ranar da aka yi ruwa ko da sassafe aka fi samunsa. Jira rana busasshiya ka wuce da buroshi mai tina zalla sau ɗaya, a hankali, zai narke ya washe. Akwai kuma ruwan da ake ɗigawa a dof don ya jinkirta bushewa, in za ka samu.

Baba Mai Farfela:
Fiffiken kuma tururi ne maganinsa. Riƙe shi a saman ruwa mai tafasa, nesa kaɗan don kada ka ƙone, har ka ji ya saki. Murɗa shi ya ɗan wuce inda kake so, ka janye daga tururin kana riƙe da shi haka har ya huce. Mayar da shi allo ya kwana. Kada ka ce ɗan kaɗan ne ka bar shi, wannan bambancin shi zai riƙa kwantar da jirgin gefe ɗaya kana neman dalili a wani wuri. Ka sake dubawa bayan mako, dof yana ci gaba da ja.

Sabon Hannu:
Duka biyun sun gyaru, alhamdu lillahi. Da farfela da roba da komai giram 84. Na ɗora shi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, santimita 4 daga gefen gaba kamar yadda zanen ya nuna, wutsiya ta ɗan rinjaya, sai da na liƙa giram 5 na yumɓun yara a cikin hanci. Na jefa shi a hankali a kan doguwar ciyawa da yamma ba iska. Ya tafi a miƙe yana sauka sannu sannu, sai dai kusa da ƙarshe yana ɗan ɗaga hanci ya sauke, ya sake ɗagawa.

Malamar Kimiyya:
Santimita 4 kashi 30 cikin 100 ne na faɗin fiffiken, wurin ya yi. Ɗaga hancin nan yana nuna saura ƙiris. Ƙara rabin giram a gaba ka sake jefawa. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kowane jifa, in ka canza biyu ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Baba Mai Farfela:
In ya daina, sai a zo ga roba. Shafa mata man silikon, ban da man inji, yana cinye ta. Fara da murɗi 100 zuwa 150 kawai. Da ƙarfin farfela zai so ya ɗaga hanci ya kuma kwanta hagu, domin farfela na juyawa dama tana tura jikin jirgin ɗaya gefen. Kada ka gyara wannan da wutsiya ko da yumɓu, ka riga ka daidaita su a jifa. A toshin hanci, katakon da ke riƙe da farfela, ake gyara shi: ɗan guntun balsa mai kaurin milimita 0.8 a bayansa ta sama don farfela ta kalli ƙasa kaɗan, wani a gefen hagu don ta kalli dama. Ƙara murɗi 50 kowane tashi kana kallon yadda yake juyawa. In giram 5 ɗin nan na damunka, matso da sandar da ke riƙe robar ta baya gaba da taki ɗaya, robar da ke bayan fiffike ta ragu, za ka cire kusan rabin yumɓun.

Mai Awo:
In ka cire yumɓun, ka sassaƙa matuƙi da soso ko balsa mafi sauƙi, kai da kafaɗu kawai. A kujerar baya za ka zaunar da shi, don J-3 in mutum ɗaya ne a ciki daga baya yake tuƙi. Tunda zai faɗo bayan wurin daidaito, sake ɗora jirgin a yatsu bayan ka liƙa shi kafin ka murɗa roba.